Minti 19 Babu Inji a Saman Atlantika: Nazarin Abin da Ya Sami Jirgi Mai Lamba 236

Ɗiyar kawuna ta sami gurbin karatu a Kanada. Gida ya kaure da murna, mata na ta guɗa, amma shi Kawu sai ya yi tsit. Mutum ne da ya shekara talatin da wani abu yana jan tirela, Sakkwato zuwa Legas, Sakkwato zuwa Agadas ta Illela da Ƙonni, ba a san shi da tsoron hanya ba. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidansa a Mabera, ya dube ni ya ce:

"Malam, kai da ka koya ma yara kimiyya, hwaɗa min gaskiya. Mota in ta lalace, gehen hanya aka hwakawa a jira bakanike. To jirgi in ya lalace bisa ruwa, ina aka tsayawa?"

Na san inda tambayar ta samo tushe. Babu dattijo a Sakkwato da ya manta ranar 11 ga Yulin 1991. A ranar ne jirgin alhazai ƙirar DC-8, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya daga kamfanin Nationair na Kanada, ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, taya ta fashe tun yana gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun da wutar a jikinsu zuwa cikin jirgi. Matuƙan sun juyo za su koma, ba su kai ba. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kawu yana cikin waɗanda suka yi zaman makoki a unguwanni a wancan mako, kuma tun daga lokacin kalmar Kanada da kalmar jirgi ba sa haɗuwa a kunnensa ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Ban so in ce masa "babu komai, Allah zai kiyaye" in yi shiru ba. Allah ne mai kiyayewa, amma mutumin da ya san injin ciki da bai, amsa yake nema. Sai na ɗauko masa labarin jirgi guda ɗaya, mai lamba 236 na kamfanin Air Transat, wanda ainihin abin da yake tsoro ya same shi a 2001, na bi masa shi daki-daki. Na zaɓi wannan lamarin ne saboda komai ya haɗu a cikinsa: kuskuren gareji, kuskuren ɗakin tuƙi, da kuma tanadin da aka yi tun a ƙasa wanda ya zama sanadin tsira.

Abin da ake shiryawa kafin taya ta bar ƙasa

Fataken da suka riƙa ratsa Sahara ba sa barin gari sai madugu ya san kowace rijiya da ke kan hanya, da kwana nawa ne tsakanin wannan da waccan. Jirgin da zai ƙetare teku ma haka yake. Ba a ja masa layi miƙe daga birni zuwa birni a ce bismillah. Masu tsara tafiya sai sun zaɓi filayen ko-ta-kwana, sun duba yanayin samaniyar kowanne a sa'o'in da za a iya buƙatarsa, sun tabbatar titinsa zai ɗauki jirgin kuma akwai motocin kashe gobara. A arewacin Atlantika sunayen da ke yawan fitowa su ne Shannon a Ailan, Keflavik a Aisland, Gander da Goose Bay a Kanada, sai Lajes da Santa Maria a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal. Masu ƙetarewa daga Afirka ta Yamma zuwa Burazil kuwa suna dogara da irin su Dakar, tsibirin Sal, Natal da Recife.

Ga jirgi mai inji biyu akwai ƙa'idar nisan mafaka, wadda ma'aikatan jirage ke kira ETOPS. A da, tun daga 1953, dokar Amurka ba ta yarda irin wannan jirgi ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 da inji ɗaya daga filin sauka ba. Da injuna suka ƙara inganci, a 1985 aka fara ba da izinin minti 120, daga baya 180, har a 2014 Airbus A350 ya sami izinin minti 370. Izinin ba na jirgi kaɗai ba ne. Sai kamfani ya nuna cewa kanikawansa da matuƙansa sun cancanta, kuma ana iya karɓe shi.

Tsakanin kowane filin ko-ta-kwana da na gabansa akwai wani wuri a taswira inda komawa baya da ci gaba suke cin lokaci ɗaya idan an lissafa da iska. Matuƙi yana sane da shi tun kafin ya kai. In matsala ta zo kafin wurin, baya za a koma. In an wuce shi, gaba. Man da ake zubawa ma ba na tafiya lafiya kaɗai ba ne. Ana lissafa shi da mafi munin hali: inji ɗaya ya mutu, iskar cikin jirgi ta tsere, dole a sauko ƙasa-ƙasa zuwa ƙafa 10,000 inda jirgi ke shan mai kamar ba gobe, kuma duk da haka a isa filin.

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma bai taɓa barin Tawa ya nufi Agadas ba sai da ya san inda zai sami gas da ruwa. Na ce masa to yanzu ga jirgin da aka yi wa duk wannan lissafi daidai, amma mai ya ƙare masa ƙarƙaf.

Mako guda kafin tafiyar

Jirgin Airbus A330 ne na kamfanin Air Transat, mai injunan Rolls-Royce guda biyu. A tsakiyar watan Agustan 2001 aka cire injinsa na dama aka sa wani. Injin da aka kawo na tsohon tsari ne, bai sami wani gyara da masana'anta ta riga ta fitar da sanarwarsa ba, kuma ya zo babu famfon haidurolik. Sai aka haɗa masa kayan sabon tsari da na tsoho: famfo da bututun mai na sabon, bututun haidurolik na tsohon. Kayan sun shiga, an ɗaure, an gwada injin ya tashi lafiya. Sai dai tazarar da ya kamata a bari tsakanin bututun mai da na haidurolik ba ta samu ba. Bincike ya nuna cewa ba a karanta cikakkiyar takardar sanarwar gyaran ba, an dogara ne da bayanin baki.

A nan Kawu ya katse ni. "Wanga aikin na san shi. A ce maka ai duk ɗaya na, ɗaura ka tahi."

Ƙarfe biyu suka yi ta gugar juna a cikin jijjigar inji, tafiya bayan tafiya, sama da awa 60 a sararin sama. Babu wanda ya gani, domin wurin a rufe yake.

Daren Juma'a, 24 ga Agusta 2001

Zan ba da lokutan da agogon Najeriya don a fi ganewa. Jirgin ya tashi daga Toronto ta Kanada da ƙarfe 1:52 na dare zai tafi Lizbon ta Fotugal, da fasinja 293 da ma'aikata 13, jimla mutum 306. Kyaftin Robert Piché ne ke jagora, mai shekara 48 da awa 16,800 na tuƙi, mataimakinsa Dirk de Jager mai shekara 28. An zuba mai tan 46.9, wanda ya ɗara abin da doka ta nema da tan huɗu da rabi.

Kusan awa huɗu komai lafiya. Da misalin 5:38, lokacin da a nan Sakkwato ake fitowa daga sallar asuba, bututun man ya tsage. Mai ya fara tsiyaya daga injin dama zuwa cikin duhu, har yoyon ya kai kimanin tan 13 a awa. Na yi wa Kawu lissafin a ƙasa da tsinke: jarka mai lita 25 ke nan duk bayan daƙiƙa shida. Kuma babu ƙararrawar da ta kaɗa, domin a wancan lokaci jirgin ba shi da na'urar da za ta ce kai tsaye "mai na zuba".

Alamar farko ta zo ta bayan gida. Da 6:03 matuƙan suka lura baƙin man injin dama ya yi sanyi fiye da kima, ƙarfin bugunsa kuma ya hau. Dalilin shi ne, a cikin injin man jirgi ne ke sanyaya baƙin mai. Da man ya riƙa kwarara da yawa saboda tsagar, sai ya sanyaya shi fiye da yadda aka saba, ya yi kauri. Yau da muke da rahoton bincike a hannu abin a fili yake. A daren, babu littafin da ya ce sanyin baƙin mai na nufin yoyon man jirgi. Suka kira ofishin gyara na kamfaninsu a Kanada ta rediyo, aka ce su ci gaba da sa ido. Tun daga nan zato ya fara zama a zuciyar kyaftin cewa kwamfuta ce ke ruɗe.

Wajen 6:36 allo ya nuna tankin fiffiken dama ya yi ƙasa da na hagu sosai. Wannan abu ne da matuƙa suka saba gani a horo: gefe ɗaya ya fi nauyi, sai a buɗe bawul ɗin da ke haɗa tankunan biyu a daidaita. Akwai takardar matakai ta yin hakan, kuma a samanta akwai gargaɗi: in ana zargin yoyo, kada a bi wannan, a koma takardar yoyo. Su kuwa ba su buɗe takardar ba, da ka suka yi, domin sun haddace matakan. Abin da hadda ta bari a baya shi ne gargaɗin. Aka buɗe bawul, man tankin hagu mai lafiya ya fara bin hanya zuwa injin dama, yana fita ta tsagar.

Ban taɓa ganin Kawu ya ɗaga murya a kan labarin da bai shafe shi ba sai ranar. Tirelarsa tanki biyu gare ta, da tiyo a tsakani. Ya ce, "Subhanallahi! In tanki guda ya yi ƙasa babu dalili, ba ka buɗe tiyo. Sauka kakai ka leƙa ƙarƙashi!"

Na ce, "Kawu, a ƙafa 39,000 ba a sauka a leƙa."

Sun dai yi abin da ya yi kama da leƙawar. Sun sa ma'aikatan cikin jirgi su haska fiffike ta taga ko za su ga feshin mai. Duhu ne, ba a ga komai ba. Wannan ya ƙara wa kyaftin ƙarfin zaton cewa allo ne ke ƙarya. Ina ganin a nan ne ɗan Adam ya fi rauni: in ka riga ka yanke cewa abu kaza ne, duk abin da ya biyo baya sai ka karanta shi a matsayin shaida. Man da allo ya ce ya ɓace ya yi yawan da hankali ba ya ɗauka, sai suka ƙaryata allon maimakon su gaskata masifar.

Ƙarfe 6:45

A nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Da 6:45 lissafi ya nuna man da ya rage ba zai kai su Lizbon da ragowar da doka ta gindaya ba. Injuna biyu suna aiki lafiya lau. Fasinjoji na barci. Kyaftin bai gamsu cewa man na zuba da gaske ba. Duk da haka ya juya akalar jirgin zuwa Lajes da ke tsibirin Terceira, filin ko-ta-kwanan da aka rubuta masa tun a Toronto. Minti uku bayan haka suka sanar da cibiyar Santa Maria, wadda ke kula da wannan yanki na teku, cewa suna cikin matsalar mai.

Wato ya yi aiki da lissafin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Karkatar da jirgi ba ƙaramin abu ba ne ga matuƙi: asarar kuɗi ce ga kamfani, fasinja 293 za su maƙale a tsibiri, kuma in aka sauka aka tarar waya ce kawai ta kwance, shi za a yi wa kallon mai firgita. Daga Azores zuwa Lizbon ya haura kilomita 1,500, tafiyar kusan awa biyu. Man da ke cikin jirgin kuwa minti 41 kacal ya rage masa, ko da yake babu wanda ya san haka a lokacin. Da ya ce bari mu ƙara gaba mu gani, babu abin da ke gabansa sai ruwa.

Kawu ya tambaye ni ko jirgi na iya juyawa haka kawai a sama, tunda fili ne fetal. Ba fetal ba ne. A tsakiyar teku rada ba ta kaiwa, iyakarta 'yan ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Jirage suna bin layuka ne a jere, wani a gefen wani, wani a saman wani da tazarar ƙafa 1,000 kawai, cikin dare, kowa na gudun da ya haura kilomita 800 a awa. A 2001 yawanci da rediyo mai dogon zango ake magana, mai shiii da karyewar murya, saƙo ya bi ta hannun mai karɓa kafin ya kai ga mai ba da izini. Yanzu akwai saƙon rubutu ta tauraron ɗan Adam, kuma tun 2019 ana ganin jiragen arewacin Atlantika a allo ta tauraro. Amma ƙa'ida ba ta canja ba: ka fara neman izini. Cibiyoyin Gander, Shanwick, Santa Maria, Niyok da sauransu sun raba tekun a tsakaninsu, kowacce da yankinta.

In izinin bai samu ba kuma ba a iya jira, akwai tsarin da hukumar jiragen sama ta duniya ta shimfiɗa, wanda aka sabunta ya fara aiki ko'ina ranar 5 ga Nuwamba 2020. Matuƙi zai kauce dama ko hagu da kusurwar da ba ta gaza digiri 30 ba, ya koma gefen layinsa da mil biyar na teku, kimanin kilomita tara, ya bi shi a jere. Kafin sabuntawar digiri 45 ne da mil 15. An rage ne saboda layukan sun ƙara matsowa kusa da juna. Sannan ya zauna a tsayin da ba na kowa ba, ƙafa 500 sama ko ƙasa da matakan da jirage ke bi. In zai ratsa layukan wasu ya nufi filin ko-ta-kwana, an fi so ya fara saukowa ƙasa da ƙafa 29,000, inda cunkoson ya ƙare, sannan ya yanka. Duk wannan yana yi fitilunsa na waje a kunne, lambar gaggawa 7700 a na'urarsa, yana shela a mita 121.5 da 123.45 don jiragen da ke kusa su ji: ni ne wane, ina wuri kaza, ga abin da zan yi.

Kawu ya ce, "Ashe akwai gehen hanya." Na ce akwai, sai dai ba a tsayawa a cikinsa.

Da injuna suka yi shiru

Da 7:13 injin dama ya mutu. Suna ƙafa 39,000, saura kimanin kilomita 280 zuwa Lajes, nisan da ya fi Sakkwato zuwa Gusau. Inji ɗaya ba ya riƙe jirgi a wannan tsayi, sai suka fara gangarowa. Da 7:23 suka yi kiran Meide, kiran da ba a yi sai rai na cikin haɗari. Da 7:26 injin hagu ma ya ɗauke. Saura kilomita 120, fiye da nan zuwa Argungu, kuma babu ɗigon mai.

Mutane da yawa suna zaton jirgi in injinsa ya mutu faɗowa yake kamar dutse. Fiffike ne ke ɗauke da jirgi, inji tura shi kawai yake yi. Muddin hancinsa na ɗan kallon ƙasa yana samun gudu, zai yi ta shawagi kamar shirwa, yana sayen nisa da tsayi. Wannan jirgi yana sauka kimanin ƙafa 2,000 a minti. Matsalar ita ce injunan ne ke ba da lantarki da ƙarfin haidurolik da ake juya jirgi da shi. Don irin wannan rana aka ɓoye wata ƙaramar farfela a jikinsa. Ta faɗo waje, iska na juya ta, ta ba su ɗan ƙarfin da za su riƙe akala da wasu 'yan agogai. Yawancin sauran na'urori sun mutu. Fitilun ɗakin fasinja suka ɗauke, robobin shaƙar iska suka zubo daga sama.

Ma'aikatan cikin jirgi sun riga sun sa kowa ya ɗaura rigar ruwa, domin shirin faɗawa teku ake yi. Ina yawan tunanin waɗannan mutane. Minti goma sha tara a cikin duhu, babu ƙarar inji sai ta iska, kowa na kiran Ubangijinsa da harshen da ya iya. Su kuma ma'aikatan, da nasu tsoron a ciki, suna bi layi-layi suna duba ɗamarar kowa.

Lajes sansanin sojan sama ne. Masu kula da hasumiyarsa suka riƙa ba su kwatance da rada, suna kunna fitilun titi suna kashewa don a hango su, gari bai gama wayewa ba. Da jirgin ya iso kusa sai ya zamana tsayinsa ya yi yawa, wanda ya fi a ce ya gaza, amma shi ma haɗari ne, don babu damar zagayowa a sake gwadawa. Kyaftin ya yi da'ira guda cikakkiya, ya riƙa karkata dama da hagu yana zubar da tsayi. Da 7:45, awa ɗaya cif bayan shawarar juyawa, jirgin ya daki titi mai lamba 33 da gudun da ya kai kilomita 370 a awa, fiye da na sauka ta yau da kullum nesa ba kusa ba. Ya yi tsalle ya sake dira. Aka danne birki iya ƙarfi, na'urar hana taya kullewa ba ta aiki, tayoyi takwas na manyan ƙafafun suka kulle suka fashe, ƙarfe ya riƙa jan titi. Ya tsaya da sauran titi a gabansa. 'Yar wutar da ta tashi a ƙafafun, 'yan kwana-kwana da ke jira suka kashe ta nan take.

Cikin kimanin daƙiƙa 90 aka kwashe kowa. Mutum biyu sun ji rauni mai tsanani wajen fita, goma sha shida ƙananan raunuka. Babu wanda ya rasu cikin 306.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Tayoyi sunka hwashe nan ma." Na gane Jidda yake tunawa. A can tayoyi sun fashe a farkon tafiya da tanki cike da mai. A nan sun fashe a ƙarshenta, tanki a bushe, motocin ruwa na tsaye.

Abin da bincike ya gano, da abin da nake gani

Hukumar binciken haɗurran jirage ta Fotugal ce ta jagoranci binciken, rahotonta ya fito a 2004. Ta ɗora asalin yoyon a kan haɗa kayan da ba su dace da juna ba. Amma ta ce ƙarewar man gaba ɗaya ta faru ne saboda matuƙan ba su gane yoyo ba ne, suka yi matakan daidaita tanki da ka, ba su bi takardar yoyo ba. Da sun bi ta, sun rufe hanyar mai zuwa injin dama, da sun sauka a Lajes da inji ɗaya yana aiki da ragowar mai a tanki. Rahoton ya kuma nuna cewa horon da ake bayarwa a lokacin bai shirya matuƙa sosai don gane yoyo ba, kuma jirgin bai yi musu gargaɗi a sarari ba.

Hukumar sufuri ta Kanada ta ci kamfanin tarar dalar Kanada 250,000, ta kuma taƙaita masa izinin nisan mafaka na wani lokaci. An gyara littattafan matuƙa don a tabbatar babu yoyo kafin a buɗe bawul ɗin haɗa tankuna. Airbus ya ƙara wa kwamfutar jiragensa aikin da a daren babu mai yin sa sai ɗan Adam: ta riƙa haɗa man da injuna suka sha da wanda ya rage, ta gwada da wanda aka zuba, in lissafi bai cika ba ta yi ƙara. A 2002 kuma ƙungiyar matuƙa jirage ta karrama matuƙan biyu saboda gwanintar saukar.

Har yau ana jayayya a kan Kyaftin Piché: gwarzo ne ko mai laifi? Ni ban ga dalilin zaɓar ɗaya ba, hannun da ya buɗe bawul ɗin shi ne ya sauke jirgin. Amma in aka tambaye ni wane aiki nasa ne ya fi nauyi a daren, ba zan ce shawagin minti 19 ba, duk da cewa shi ake ta yabo. Zan ce 6:45. Shawagin ya yiwu ne kawai saboda tsibirin na kusa, kuma tsibirin ya zo kusa ne saboda an nufe shi tun injuna na raye, tun ana ganin kamar babu dole. Kafin shi ma akwai wani ma'aikaci a ofis, wanda babu mai tuna shi, da ya rubuta sunan Lajes a takardar tafiya ya duba yanayin samaniyarsa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji yadda muke yi a nan. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe filin jirgin Sultan Abubakar III, jirgi ya zo ya yi zagaye ya koma Abuja ko Kano, za ka ji fasinja na faɗa, wai matuƙin matsoraci ne, wai wani da ya sauka. Na taɓa kasancewa a cikin irin wannan jirgi, na rasa ɗaurin auren da na zo dominsa, kuma ban ji daɗi ba. Amma mutumin ya juya ne tun yana da man juyawa. Alhazanmu ma su sani, hanyar Jidda ba Atlantika ba ce, Bahar Maliya siririya ce, amma hamadar Chadi da Sudan a wajen matuƙi kusan teku ce, filayen da za su karɓi babban jirgi ba su da yawa. Da yaƙi ya rufe sararin samaniyar Sudan a 2023, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, aka sake lissafin mai da filayen ko-ta-kwana daga farko.

Ban ce wa Kawu babu haɗari ba, kuma bai nemi in ce ba. Da aka kira magariba muka tashi, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ita wagga yarinya, ta ina za su bi da ita?"

Na ce daga Abuja za ta fara zuwa Turai, daga can su ƙetare ta arewa, ba lalle su bi ta Azores ba.

"To rubuta min sunan rijiyoyin."

Na yagi takarda daga littafin darasina na rubuta masa da manyan baƙaƙe: Shannon, Keflavik, Goose Bay, Gander. Ya sa na karanta masa sau biyu, yana maimaitawa a hankali, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ɗauki butarsa.